Ciwon Gado

"Ni kare ko hamma ya yi, na san me ke damunsa," in ji Sarkin Sani, tela ne a layinmu. Bai taɓa kiwon ko kyanwa ba, amma wannan ƙaramin cikas ne.

Yayan matarsa zai yi tafiya, ya bar masa amanar karensa ɗan ƙasar waje, wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. Daga tasha ya bugo waya, ana ta hayaniya.

"Ka kula, yana da ciwon gado. Kada ka ba shi..."

"Na gane, Yaya!" Ya katse. Masani ba ya jiran ƙarshen magana.

Ya dubi tsumman da karen ke kwana a kai, ya girgiza kai. Ga ciwon nan a fili! Ya ɗinka masa katifa, ya haɗa masa da burodi don marhabin. Kafin azahar kare ya fara zawo.

"Katifar ta yi tauri," in ji gwani. Ya ƙara auduga, ya ƙara biskit. Kare ya shiga susa, gashi na zuba, haƙarƙari suka fito ana ƙirgawa.

"Maigida, mu kai shi asibiti," in ji matarsa. "Yaya zai yanka mu."

"Ke dai ba ki san kimiyya ba."

Ya kwance gadonsu na aure, ya fitar tsakar gida, ya ɗora kare, ya dafa masa taliya. Abin da ya sami zanin gadon, gara mu bar shi.

Ranar da kare ya kasa tashi, matar ce ta tare mota. Likitar dabbobi ta saurari tarihin katifu cikin haƙuri.

"Malam, gado na uwa da uba ake nufi. Hanjinsa ba ya ɗaukar alkama, haka aka haife shi. Da kun ƙara kwana biyu, sai dai gawa. Me kuke ba shi?"

"Abinci mai sauƙi," ya ce, yana kallon silin. "Dama na yi zargin haka."

Matarsa ta dafa cikinta ɗan wata bakwai.

"Likita, don Allah in tambaya. Irin wannan basirar tasa, ita ma ana gadonta?"