Idon Hagun Welo Chebo

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinki ba," in ji Welo, yana laluben murfin motata. "Ke fa, Ƙafar Kaza? Har yanzu ba wanda ya zo neman aurenki?"

"Sun zo. Da suka ga hoton kakana a bango suka juya."

"Ƙarya kike. Ke suka gani. Ranar da aka haife ki sai da gilashin kyamarata ya tsage."

"Tsufa ne ya tsaga shi. Ba da ita ka ɗauki shigar dabbobi jirgin Nuhu ba?"

"Da ita. Har na tuna ki a layi, bayan jimina."

Haka muke gaisawa da kakana tun ina 'yar shekara biyar. Sunansa Eusebio, amma duk yammacin San Antonio da Chebo mai hoto aka san shi, mu jikoki kuma Welo muke ce masa, wato kaka. Ni ce Graciela. Shekara arba'in da shida yana ɗaukar hoton aure da baftisma da bikin 'yan mata masu cika sha biyar, duk da fim mai faɗi, yana murza gilashi da hannu har fuska ta fito. Shekara uku ke nan ni nake riƙe masa jaka da fitila, ni nake kai fim wurin wanki.

A wannan safiya ta Laraba bakina ne kawai yake zolayar. Ran Litinin na karɓo hotunan wata baftisma da ya ɗauka. Furannin da ke bayan mutane sun fito tar, har kana iya ƙirga ganye, amma fuskar jaririn da ta uwarsa dishi-dishi, naɗin fim huɗu babu wanda ya tsira. Na miƙa masa ambulan ban ce komai ba. Ya tsaya gaban taga ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun yi kyau. Wannan "sun yi kyau" ita ta sa na fara zargin idonsa. Washegari ya bugo waya wai wuyan hannunsa ya gaji da murze-murze, in kai shi ya sayi irin kyamarar nan mai saita kanta.

Kuma ran Asabar muna da auren Yesenia, 'yar Don Rogelio Treviño. Da farko sai Disamba aka sa, aka dawo da shi Agusta saboda likitoci sun gaya wa uban da wuya ya kai Disamba. Welo ne ya ɗauki hoton auren Rogelio shi kansa, shi ya sa mutumin ya kafe sai Chebo, kuma sai da fim. Rawar da amarya take yi da mahaifinta a wurin biki waƙa ɗaya ce, ƙila ma rabinta zai iya tsayuwa. Ba abin da za a ce a sake ba ne.

Shagon Mista Delbert na tsofaffin kyamarori ne, kuma mun tarar ya jera mana guda uku a kan kanta. Dogon mutum ne marar son magana, ya yi bayaninsa a gajarce. Ta farko ita ce wadda duk matasan masu hoton aure suke rububi, gilashinta yana fito da fata sumul, sai dai cin batir gare ta, kuma ranar da wutar cikinta ta mutu shi ke nan, an daina yin kayan gyaranta. Ta biyu ana cire mata gidan fim daga baya a maƙala wani nan take, amma a zauren biki mai ƙarancin haske sai ta yi ta kai da komo a kan farar rigar amarya, ta rasa inda za ta kama. Ta uku nauyi gare ta, ga ƙarar inji, amma tana saurin kama fuska, in ta kama kuma sai ta yi ɗan kuka, tsit. Dukkansu hoto goma sha shida suke ci a naɗi ɗaya.

Welo ya shafa ta farko ya ce, "Wannan 'yar'uwarki ce. Ci kamar gara, in ta lalace ba mai karɓa."

"Ta biyun ai kai ce. A gaban amarya ka yi gaba ka yi baya, har a gama biki ba ka san me ka zo yi ba."

"Ni? Ni da na taɓa ɗaukar gwiwar ƙuda daga saman hasumiyar coci? Ƙudan da kansa ya zo ya nemi kwafi biyu."

"Na ji labari. An ce da ya ga hoton ya ce ai wannan kakarsa ce."

Mista Delbert ya ɗan murmusa. Welo bai yi dariya ba, ya koma kan ta ukun, ya tambaya ko kukan nan nata ana jin sa sosai. Aka ce ana ji. Ya sake tambaya, ko da makaɗa suna busa a zaure? Mista Delbert ya ce in tana manne da fuskarka za ka ji. Na lura da yadda ya ɗaga ta: bai kai ido ramin leƙawa ba, kunne ya fara karkatowa. Ya juya ta wajen ƙofa, ta yi tsit, ya gyaɗa kai. Ya juya ta wajen kanta, ta yi tsit, ya sake gyaɗawa. Nan na gane da kunne kakana yake zaɓen kyamara.

"To ga taka nan," na ce. "Nauyi, surutu, ba kyan gani. Kamar a gidanku aka ƙera ta."

"Shi ya sa za ta daɗe. Je ki tsaya bakin ƙofa in gwada ta a kan abu mafi muni a shagon. In ta jure fuskarki, za ta jure komai."

Mista Delbert ya ba shi naɗi ɗaya na gwaji. Welo ya ɓare takardar, ya zura, ya ja, ya rufe, duk yana kallon silin yana gaya wa mai shagon wai ina jaririya madara ma tsorona take ji. Hannun nan ko kuskure ɗaya bai yi ba.

Akwai wata doka da ya cusa min tun ranar da na fara bin sa. A irin waɗannan kyamarori, da ka danna sai madubin ciki ya tashi, ramin leƙawa ya yi duhu, wato daidai lokacin da hoton yake shiga shi ne lokacin da ba ka gani. Fim kuma ba ya nuna maka komai sai an wanko. Don haka idon dama yana cikin kyamara, na hagu kuma a buɗe yake a waje yana gadin fuskar mutum, ko ya ƙifta. Duk unguwarmu an san tsawarsa: "Kin ƙifta, sake!" Ko limamin coci bai tsira daga ita ba.

Na tsaya bakin ƙofa, taku biyar tsakaninmu. Allah ya sani ban so in yi abin da na yi ba. Da na ji tsit, sai na runtse idanuna duka biyu, gam. Madubi ya buga.

"Ya yi," in ji shi. "Muni dai yana nan, amma ido a buɗe."

Na ce ya ƙara, wai ban gyara gashina ba. Na sake runtsewa tun kafin kukan, na bar su a rufe har ƙarar injin ta tsaya. Ya ce wannan ma ya yi. Na uku har hawaye ya zubo min ta ƙarƙashin fatar ido, ya ce in daina murmushin nan, haƙorana za su ƙona fim. Mista Delbert ya dube ni, ya dubi tsohon, sai ya tuna yana da wani aiki a ɗakin baya.

"Welo."

"Mene ne kuma?"

"Idona a rufe yake. Duka ukun."

Bai sauke kyamarar nan da nan ba. Ya daɗe tana manne da fuskarsa, kamar mai ɓuya a bayanta. Da ya sauke, ya laluba kanta ya ajiye ta a hankali, ya ce tun bikin Ista idonsa na hagu ya tafi, na daman kuma kamar ana leƙe ta labule. Bai gaya wa kowa ba, likita ma bai je ba, don ya san abin da za a ce. Ran Litinin shirun da na yi ne ya gaya masa hotunan sun lalace.

"Tsoro nake ji," ya ce. "Na ɗauka in ta kama min fuska, sauran zan iya. To ita fuska take kamawa, ba ta san ido ba. Rogelio zai bar wa yarinyar nan hoto ɗaya, ni kuma in ba ta shi ido a rufe?"

Na ce a nemo wani mai hoton. Ya yi tsaki, ya ce daga Laraba zuwa Asabar, wa zan samu mai aiki da fim wanda ba a riga an kama ba? Ya ɗauki kyamarar, ya tako har inda nake, ya laluba kafaɗata, ya rataya min igiyar a wuya. Nauyinta ya ja ni gaba.

"A'a, Welo. Ni fitila nake riƙewa. Ban taɓa ɗaukar biki ni kaɗai ba. Goma sha shida fa, in na ɓata..."

"Wa ya ce ke kaɗai? Hannuna bai makance ba, ni zan zura fim, kafin ki ƙare naɗi wani yana jiranki. Kunnena ma yana nan. Iyaye maza a baiti na biyu na waƙar rawar suke karyewa da kuka, in ya zo zan taɓa ki a baya. Ke dai ki kai ta kan wuyan rigar Rogelio, inda baƙi ya haɗu da fari, nan take kamawa. Ki bar na hagun a buɗe."

"In hannuna ya yi rawa fa?"

"Zai yi. Nawa shekara arba'in da shida yana yi, ba wanda ya sani sai ke yau." Ya ɗaga murya wajen ɗakin baya. "Delbert, mun ɗauki mummunar! Rubuta sunan Ƙafar Kaza a takardar, tata ce."

Na ɗaga ta don kada ya ji ina kuka, ko da yake na san ya ji. Na sa idon dama a ramin, na bar na hagu a waje, na nemo wuyan rigarsa. Hannuna yana karkarwa, fuskarsa tana lilo, sai ta yi tsit. Na danna. Ciki ya yi duhu, a waje kuma na ga tsohon ya matse idanunsa, kumatunsa a jiƙe.

"Ka ƙifta," na ce. "Sake."

Ya fashe da dariya har sai da ya dafa kanta yana tari.

"Kin ci, 'yar banza, na sallama. Amma ba za a sake ba. Saura goma sha biyu, je ki ɓata su a kan masu ido."