Randar Baba Ilu da Darasin Nutron

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Baure ba. Lokacin shari'ar Musulunci ba ta daɗe da kankama a jiharmu ba, ni kuma ina koyar da fizik a wata sakandare a matsayin malamin wucin gadi. Sufeto zai zo daga Daura ya kalli darasina, daga nan a tabbatar mini da aiki ko a sallame ni.

Maimakon in koyar da abin da ke manhaja, sai neman burgewa ya ja ni (halina ne, har yau ban warke ba). Na ɗauko batun nutron, 'yan ƙwayoyin nan da ake harba wa cibiyar zarra. Masana sun ce idan suna tafiya a hankali, yadda suke bugunta su warwatse ba ruwansa da ƙarfin harbin. Na ce bari in nuna a aikace: abu mai tauri a tsakiya, ƙwallon ƙarfe na boris ɗin babbar mota ya zama nutron.

Abu mai taurin da na samu shi ne randar Baba Ilu, masinjanmu. Ya ajiye ta ne a bakin ƙofa ana shan ruwa, sadaka ga matarsa da ta rasu, kuma randar ɗakinta ce. Da na roƙa ya ara mini, sai ya ce:

"Malam, ka dai bi ta a hankali."

"Haba Baba, kimiyya ce fa," in ji ni.

Na kife ta a kan siminti. Na gangara ƙwallon a hankali, ya buga ya kauce hagu, na ja layi da alli a inda ya bi. Na ƙara ƙarfi, ya sake bin layin allin nan. Ɗalibai suka yi tafi, sufeto ya gyaɗa kai. Nan ya kamata in tsaya. Amma kaina ya riga ya kumbura, sai na naɗe hannun riga na ce, "Ko da ƙarfin doki ne, haka zai yi!" Na wurga iya ƙarfina.

Randa ta dare gida uku.

Sufeto, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce, "Malam, ka manta sharaɗin. A ƙaramin ƙarfi ne kawai. In ya yi yawa, cibiyar ma fashewa take yi." Ya rufe fayil ɗinsa.

Aikin dai ban samu ba, kuma wallahi ba shi ya fi ci mini rai ba. Baba Ilu ya shigo ya durƙusa yana tsince ɓaraguzan cikin gaban rigarsa. Na ce zan sayo sabuwa ranar kasuwa.

"Bar shi, Malam. Ba a sayar da irinta."

Tun daga ranar, duk dokar da na karanta sai na nemi sharaɗinta tukuna. In kuma ƙwaƙwalwata ta ce in gwada, da kayana nake gwadawa.