Rasuwar Labulen Fijon Halliru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Halliru Direba na tashar Maigatari yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka riga suka ji a bakin kasuwa, rasuwar labulen kujerar baya na motarsa Fijo. Marigayin ya cika ranar Talatar makon jiya, a shingen da aka kafa kan hanyar Gumel. Bai yi jinya ba. Fizge shi aka yi.

An haife shi a shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, daga ragowar wani shuɗin yadi na Safara'u, matar Halliru. Dogo Tela ne ya kalmashe masa baki, ya jera masa zobba. Ba za a ce kyakkyawa ne ba, don rana ta cinye shi har ya koma ruwan toka. Amma duk tsawon zamansa ba a taɓa jin ya kai maganar wani gaba ba, shaidar da ko mai shi ba zai samu ba ranar tasa. In an ja shi ya ce "shurr". In iska ta shigo ya ce "fat-fat". Iyakar zancensa ke nan.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da labule yake nufi a mota: iyali ne a ciki. Ɗan kwastan ya gan shi ya kau da kai, ɗan kamasho ya rage murya. Haka Fijo ta riƙa fita kowace Talata labule a rufe, 'yan tasha na bin ta da dariya. "Ga mijin-ta-ce nan, za a kai Hajiya shan iska." Halliru ya haɗiye, har da murmushi. Ita kuwa Safara'u tana gida, an hana ta ko leƙa zaure ranar Talata, tana cewa ita ce mace ta farko da ta zaga duniya tana tsaye a gindin turmi.

Tunda magana ta fita, babu sauran ɓoye-ɓoye. Wanda marigayin yake suturtawa Kawu Ishaƙ ne, ƙanen mahaifiyar Halliru, mai tukubar tsire a kasuwar Maigatari. Wani tabo ne ya fito masa a dantse, wanda ko an tsikare shi da allura ba ya ji. A asibiti, inda Halliru yake kai shi a ɓoye kowace Talata, aka ce kuturta ce, amma an kama ta da wuri. In ya jure shan ƙwaya yatsunsa za su zauna, kuma ba mai ɗauka a wurinsa. To, amma wa zai tsaya tuna bayanin likita yana riƙe da tsinken nama?

Bana jami'an tsaro suka ƙara shingaye, kowanne da gangunansa da katako mai ƙusoshi. Su ɗauki lambar mota, su duba agogo, su tambaye ka ina ka fito, ina za ka, wa ka ɗauko, kamar su suka raɗa maka suna. Ranar, a hanyar dawowa, suka tsayar da Halliru wai gudunsa ya yi yawa. A ransa har ya ji daɗi, don rabon da a yi wa Fijon nan wannan zargi an daɗe. Da wani mai bindiga a cikinsu ya nufi ƙofar baya, Halliru ya ce, "Iyali ne, ranka ya daɗe."

Tsautsayin da aka yi, mutumin ɗan gidan tarbiyya ne. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya ce wa labule, "Salamu alaikum, Hajiya, a yi haƙuri da mu."

Shi kuwa Kawu tunda yake bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba. Da muryar nan tasa da take ratsa kukan shanu ranar kasuwa ya amsa, "Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi."

Hannu ya shigo ta taga. Marigayin ya ce "ɓarr", bai ƙara ba.

Aka fito da Kawu, aka ce ya ɗaga hannu sama, hannun riga ya zame. Aka zaro kwalbar ƙwaya daga aljihunsa, aka ɗaga ta a rana ana tambaya da ƙarfi ta mece ce. A bayansu akwai babbar mota maƙare da mutanen Maigatari. A kan idonsu aka yi komai. Ranar Alhamis dai, ranar kasuwa, tsiren Kawu ya koma gida yadda ya fito, har masu ɗanɗanen kyauta ta bayan rumfa suka zagaya. Da wata Talatar ta zo Halliru ya je ɗaukarsa, Kawu ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Ɗan nan, ka huta. In ba mai cin abin da hannun ya gasa, me zan yi da yatsun?"

Marigayin ya bar wayar da aka rataye shi a kai a lanƙwashe, da zobban da aka tsinto a yashi, da gilashin baya tsirara. Ya bar Safara'u, wadda ta samu 'yancin Talata ta rasa inda za ta kai shi. Ya bar Halliru, wanda yanzu ba mai ce masa mijin-ta-ce, kuma ya gane ashe da daɗi. Allah ya suturta mu kamar yadda marigayin ya suturta wasu.

Ba za a yi masa wanka ba, don ruwa bai taɓa karɓarsa ba. Safara'u ta nemi a ba ta shi ta riƙa sauke tukunya, iyalan mamaci ba su amince ba. An naɗe shi an ajiye ƙarƙashin kujerar da ya yi wa hidima.

Za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis mai zuwa a gaban tukubar Kawu, daga hura wuta har kasuwa ta tashi. Ba a buƙatar goro. Da kyar aka shawo kan Kawu ya yarda ya sake gashi sau ɗaya, ya ce in an ci, zai koma asibiti. Halliru zai zauna a bencin gaba, ya karɓi tsinken farko daga hannunsa. Wanda ya zo ta'aziyya da gaske ya san abin da zai yi bayan nan. Wanda ba zai iya ba ya yi addu'arsa daga gida, ba sai ya zo ya tsaya kallo ba.