Ƙafar Raƙumi a Jikin Akuya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na ɗauko Baba Mamman a jar motata ba, ko da zan manta hanyar gidanmu. Har yau in na ji ƙaurin roba, sai gumi ya tsattsafo min a ƙeya.

Shekarun sittin ne, lokacin da ake ta rushe gidaje ana faɗaɗa Harami. Ina saurayi, bakanike a wani gareji a unguwar Utaibiyya ta Makka, ina ji da kaina ainun. Motar kuwa a Jidda na saye ta wajen wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu: 'yar ƙarama, kujera biyu rak, rufinta na tanti, ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare. A kwaltar Jidda ba ta da makusa. A lungunan Makka kuwa kowane dutse sai ya karce mata ciki, kuma in ta tsaya kusa da manyan motocin Amurka na attajirai, abokaina cewa suke na zo da takalmina. Wannan suna ya ci min rai ƙwarai.

Sai na ƙudura zan ɗaga ta. Ƙafafunta na asali inci goma sha uku ne, sirara. A wajen masu fasa tsofaffin motoci na samo wili inci sha biyar da tayoyi masu faɗi. Ramukan noti ba su yi daidai ba, na ɗan ci su da magagari har suka yarda (in ka ga bakanike yana lallashin ƙarfe da magagari, ka nemi wata motar). Maigidana, Mu'allim Salim, mutumin Yaman, ya zagaya ta hannu a baya.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "ƙafar raƙumi ka sa wa akuya."

Na nuna masa cewa tsakanin taya da madigadi akwai sararin yatsu biyu. Na shiga na zagaya unguwa, ko ƙis ban ji ba. Ya ɗaga kafaɗa ya koma aikinsa. Abin da ban lissafa ba shi ne, ni kaɗai na gwada ta, kuma a lokacin ban fi karan dawa kauri ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ina neman auren Zainabu, mahaifinta kuma ya rasu, magana tana hannun baffanta, Baba Mamman. Shi wannan da ƙafa ya taho daga Kano yana matashi, ta Chadi da Sudan, an ce ya iso Makka kamar tsinke. Amma Allah ya buɗa masa a cinikin yadi, shinkafa da naman rago suka karɓe shi hannu bibbiyu, har ya zama in ya zauna a shagonsa ba a ganin rabin hajar. Kawuna, Kawu Isa, ya je masa ya sake komawa, amsar ɗaya ce: "Yaron ba shi da aibu, sai rawar kai." Daga ƙarshe aka tsayar cewa za su haɗu a wata walimar aure a unguwar Shisha bayan la'asar, su yanke magana, ko e ko a'a.

Ni da bakina na ce zan kai Baba Mamman. Nufina ya ga natsuwata.

Na wanke mota har tana ɗaukar ido, na sa riga fara ƙal, na tsaya a ƙofar gidansa. Ya fito yana ƙamshin turaren itace, ya dube ta, ya dube ni.

"Ina sauran motar?"

"Ke nan, Baba. Akwai sarari a ciki."

Ya yi bisimilla ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya saki jiki. Na ji motar ta yi wani nishi ta karkace gefensa. Da zan zagaya mazaunina na saci kallon tayar baya. Yatsun nan biyu sun ɓace. Ko takardar sigari ba za ta shiga ba.

Nan ne mai hankali zai ce a nemo tasi. Amma me zan ce? Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa a gabansa, wanda nake durƙusawa in gaishe shi ban ɗaga ido ba, in ce masa ya yi wa motata nauyi? Gara ƙasa ta haɗiye ni. Na tayar da inji na miƙa lamarina ga Allah.

Da farko ƙara ce 'yar kaɗan, shuu, shuu, duk sanda muka faɗa rami. Na riƙa kaucewa ramuka, sai na gano kaucewar ta fi muni, domin da na juya sitiyari sai tayar gaba ma ta fara gogar ƙarfe. Muna hawan tudun Hujun ƙaurin ya fara tashi.

"Wani abu na ƙonewa," in ji Baba Mamman.

"Shara ake ƙonawa, Baba."

"A nan? Maƙabarta ce fa a gefenmu."

Na dubi katangar maƙabartar, na ga lallai in abin ya ƙi, ba mu da nisan tafiya. Ina tafiya kamar mai rakiyar tururuwa, masu jakuna suna wuce mu, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Wajen unguwar Ma'abda ya juyo ya kalli baya, inda wani siririn hayaƙi ke bin mu.

"Sharar nan tana bin mu, ɗana."

"Sabuwar taya ce, Baba. Haka suke yi kafin su saba."

Ya ciro carbinsa ya shiga ja. Wannan jan carbin ya fi min zagi ciwo. Na san ba mota kaɗai yake aunawa ba.

Mun kusa tsira fa. Muka iso Shisha, na hango bakin lungun gidan bikin, an shimfiɗa dardumai, dattawa zaune, Kawu Isa a cikinsu yana ɗaga mana hannu. Kwana ɗaya ta rage, ta dama, ɓangaren Baba, ga gangara. Na murza sitiyari, ya tafi rabi ya cije. Na ƙara ƙarfi. Madigadi ya nutse cikin taya, mota ta yi wata kuwwa kamar an take wutsiyar mage, ta tsaya cak a gicciye, ta toshe lungun gaba ɗaya. A bayanmu kuma motocin ango sun iso, suna ta matsa oda.

Samari suka taso suna cewa a tura. Suka tura, ba ta motsa ba. Wani ya ce birki ne, wani ya ce inji ya yi zafi, wani ya rugo da tulun ruwa. Ni da nake bakanike, wanda rabin mutanen wurin suke kawo wa motocinsu, na zauna riƙe da sitiyari hayaƙi yana shiga min ido.

Baba Mamman ya juyo gaba ɗaya, a gaban kowa, muryarsa a kwance.

"Kai ne mai sana'ar. Me ya same ta?"

Na ga Kawu Isa ya sunkuyar da kai.

"Wautata ce, Baba. Na sa mata ƙafar da ta fi ƙarfinta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya ce a kama shi ya fita. Sai da mutum biyu suka riƙe hannuwansa, domin kujerar ta yi ƙasa da yawa. Yana miƙewa kuwa, motar ta yi ƙiii ta taso sama a idon kowa, samarin da ke turawa ba su ankara ba ta sulale gaba salin-alin, biyu suka kife a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi komai muni. Dattawa suka shiga gyaran hula, wani ya kama tarin da ba shi da shi.

Baba Mamman ya dubi motar, ya dubi cikinsa, ya kakkaɓe ɓurɓushin baƙar roba daga rigarsa.

"Ashe ni ne sharar," ya ce, ya wuce kan darduma.

Ban ci shinkafar bikin nan ba. Na lallaɓa na gudu gida, na kwanta na rufe fuska, na riga na yi bankwana da Zainabu a raina. Ko gareji ban leƙa ba washegari, don na san Mu'allim Salim ba zai ce komai ba, kuma ba zan iya jure hakan ba.

Sai ga Kawu Isa da hantsi. Ya zauna, ya sha shayi a nutse kamar ba rai ne a hannunsa ba, sannan ya ce:

"Ya ce wauta kam kana da ita, ba ya janye wannan. Amma ya yi ta ba ka ƙofa ka ce nauyinsa ne, har a gaban jama'a, ka zaɓi a kira ka wawa. Ya ce mai irin wannan bakin ba zai tozarta 'yarsu ba. Ya ba ka."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Da sauran saƙo. Ka mayar wa motar ƙafarta. Kuma ya ce ka je ka dubi gwaggwannin Zainabu da kyau. Yanzu siririya ce, amma jininsu ɗaya."

Na mayar da inci sha uku a ranar. Tun daga nan ban sake auna komai da nauyina ni kaɗai ba: ko taya, ko kujera, ko alkawari, sai na ɗora masa wanda zai ɗauka tukuna. Motar kuwa na sayar da ita bayan haihuwar Zainabu ta biyu. Na ce mata saboda yara ne, kuma har yau a kan haka na tsaya.