Ranar Da Na Fasa Wa Patron Hanci

Ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Litinin a Dapaong ba. Hutun jami'a ne ya kai ni Togo daga Zariya, wurin Kawuna a Sokodé, shi kuma ya roƙi wani tsohon amininsa ya ɗauke ni aikin wata biyu a ofishinsa na sayen hatsi a Dapaong. A tasha Kawu ya riƙe ni ya ce, "Shekara talatin muna tare da mutumin nan. Kar ka ba ni kunya."

Da wannan maganar na yini a mota.

Satin farko Patron (haka suke kiran maigidan) ya yi tafiya. Na koyi cewa kowace safiya sai ka bi teburi-teburi ka ba kowa hannu, in ka tsallake mutum ɗaya ka yi laifi. Na haddace wannan, har na fara jin na waye.

Sai ga shi ya dawo: dogo, farar riga, tabarau. Kowa ya miƙe, ni ma na miƙe. Ya kama hannuna, ya jawo ni, ya kawo kansa dab da nawa. Ashe haka manyansu ke gaida wanda suka ɗauka nasu, a haɗa gefen goshi, dama da hagu. Ni ina na sani? Na zube zan durƙusa irin na gida. Da na ji har yanzu yana jan hannuna, sai na tsorata, na miƙe zumbur.

Ƙum!

Tabarau ya faɗi. Jini ya ɗiga a farar riga. Ni kuwa fuskar Kawu kawai nake gani a raina.

Patron ya toshe hanci da hankici, ya ciro waya, ya kira Kawu a gabana. Na fara salati.

"Alhaji, yaro naka ya zo lafiya. Amma ka ce mini ɗalibi za ka aiko, ba ka ce rago mai tunkuyi ba."

Har inda nake tsaye ina jiyo dariyar Kawu.

Bai kore ni ba. Sai dai har na bar garin, daga bakin ƙofa yake ɗaga mini hannu, kuma masu dako ba su sake kirana Sani ba, sai Rago.

Yanzu in babba ya matso da kansa a ƙasar da ba tawa ba, sandarewa nake yi. Ladabin gidanmu na da kyau, amma na ga ya fitar da jini.