Ranar da Na Shanya Hotunan Auren Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa da auren ƙanena Yohanna ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bar ni ba. Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun daga farko, kada ya wahala yana neman wawan da ke cikin labarin nan: ni ne. An daɗe da yanke wannan hukunci a gidanmu, ban kuma ɗaukaka ƙara ba.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, rabin Kafanchan ya zauce da saye-saye. Wani ya sayi rediyo, wani babur, wani ya sayi firji ya kai ƙauyen da babu lantarki, yana ajiye takalman coci a ciki. Ni a lokacin masinja ne a wani ofis kusa da tashar jirgin ƙasa. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na elemantare (ba laifin kaina ba ne, malaman ne suka kasa gane irin kan), amma ina da biro biyu a aljihu, ina kuma yawo da jarida a hammata. A ƙauyenmu wannan ya isa a kira mutum Malam.

Abin da ni na saya shi ne kyamara. Wani ma'aikacin jirgi da ke zuwa daga Fatakwal ne ya sayar mini, baƙa, mai igiyar ratayawa a wuya. Ya sa mini fim a ciki, ya koya mini darasi uku a tsaye, jirgi na huci a bayansa: leƙa nan, danna nan, murza nan. Daga nan jirgi ya yi kuka, ya tafi da shi da sauran ilimin.

To, ga abin da ya sa hoton auren nan ya fi ƙarfin wasa. Mahaifiyarmu, wadda duka muke kira Mama, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Ba tsoro take ji ba, mace ce da ke kashe maciji da taɓarya ta koma kan daka. Cewa take yi ba ta son a rataye ta a bango tana kallon mutane suna cin tuwo, babu mai ce mata zo mu ci. Fasto ya roƙe ta, ta ƙi. Baturiyar mishan ta taɓa bin ta har gonar citta da kyamara, Mama ta juya mata baya ta ci gaba da noma. Sai da Rifkatu, yarinyar da Yohanna zai aura, ta durƙusa gabanta ta ce, "Mama, ina so 'ya'yana su san fuskar kakarsu." Mama ta dube ta, ta ɗaga yatsa guda.

"Sau ɗaya," in ji ta. "Ranar aurenki. Don ke, ba don waɗannan ba."

"Waɗannan" ɗin mu ne, 'ya'yan cikinta.

Yohanna malamin firamare ne, mai hankali, ya riga ya je ya yi magana da mai hoton garin. Wani Bayarabe ne da ke da shago a hanyar tasha, kowa na kiransa Baba Foto. Da na ji, raina ya ɓaci. Ga kyamara a gida, ga babban wa mai ilimi, a je a ɗauko baƙo? Na ce wa Yohanna wannan cin mutunci ne. Ya ce, "Yaya, ka taɓa ɗauka kuwa?" Na ce masa ni na goye shi yana majina, kada ya yi mini tambayar jarrabawa. Ya bar mini maganar. (Ladabi abu ne mai kyau, amma akwai ranar da ya kamata ƙane ya yi wa wansa rashin kunya. Wannan ce ranar, ya bari ta wuce.)

Da kaina na je shagon na sallami Baba Foto. Ya karɓi kyamarar ya jujjuya ta.

"Oga Masinja, wannan kyamara ya yi kyau. Wane irin fim ne a ciki?"

"Fim na hoto mana," na ce. "Da na sinima zan sa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "To. Ni shekara biyar na yi ina koyo a hannun maigidana a Ibadan. Abu ɗaya kawai zan gaya maka, kyauta. In ka gama ɗauka..."

Na ɗaga masa hannu. Na ce ba makaranta na zo ba, kuma abin da ya ɗauke shi shekara biyar, wani kan minti biyar ya ishe shi. Na karɓi kayana na fita ina taƙama. Ku riƙe wannan "abu ɗaya" ɗin, za mu sake haɗuwa da shi.

Ranar Asabar ɗin aure, bayan an gama girbi, na shiga coci da kwat ɗin aro, kyamara na lilo a ƙirjina. Gaskiya ango bai kai ni kwarjini ba. Na hau benci, na sauka, na durƙusa, na kwanta rigingine a gaban 'yan kwaya, mawaƙan coci. Na sa Fasto ya maimaita sa zobe don hannunsa ya tare mini. Matan zumuntar coci suna tsakiyar waƙa, tulunan kiɗa na amo, na ce su tsaya cak da bakinsu a buɗe, suka tsaya. Ban taɓa sanin daɗin mulki ba sai ranar.

Bayan an gama sujada a coci aka fito da kujera ƙarƙashin mangwaro. Mama ta zo cikin sabon zane da ɗankwali, da takalmin da ya matse ta, wanda ta sa shi karo na farko kuma na ƙarshe. Ta zauna, Yohanna a dama, Rifkatu a hagu cikin farar riga. Duk jama'a suka matso, don kowa ya san tarihin. Mama ta ɗora hannu bisa gwiwa, ta kafe kyamara da ido kamar ta kama ta da satar kaza. Rifkatu ta raɗa mata wani abu a kunne, sai ga Mama ta yi murmushi. Ni da na leƙa ta ƙaramar tagar kyamarar na ga abin, ban taɓa ganinta da kyau haka ba. Na danna.

"An gama?" ta ce.

"An gama, Mama."

Ta cire takalmin ta riƙe a hannu ta tafi wajen tukwane.

Da a nan labarin ya tsaya, da yanzu ina cikin manyan dangi.

Aka wuce gidan iyayen amarya cin abinci. A wajenmu gwaggwannin amarya sukan tare ƙofa, su yi ta tsokanar dangin ango kafin su saki 'yarsu. Shugabarsu ranar ita ce Gwaggo Saratu, mace mai baki kamar reza. Ta zazzage kowa, ta ce akuyar da muka kawo tana da ciwon tari, sannan ta iso kaina.

"Malam mai akwati, tun safe muna jin ƙyas-ƙyas, ba mu ga kome ba. Ni da na je wajen Baba Foto, zama na yi a benci, kafin in gama cin gyaɗa ya miƙo mini fuskata. Kai ina namu? Ko gwangwanin sardin ka rataya kana ruɗin mutane? Ba mu ga hoto ba, amarya ba ta fita."

Mata suka kwashe da dariya. Wasa take yi, kowa ya sani. Mai hankali dariya zai yi ya wuce. Amma ni an taɓa ilimina a gaban surukai.

Sai na yi tunani, kuma ina roƙon mai karatu ya lura da kyawun tunanin. Na taɓa ganin mai majigi ya ɗaga fim ɗinsa sama, ga mutane ƙanana jere a ciki. Nawa ma fim ne. Na ɗauki mutane. Saboda haka mutanen suna ciki. Ina kuskure a nan?

Na fito tsakar gida, rana ta take tsaka, na lalubo wani ɗan maɓalli na ja, bayan kyamara ya buɗe. Na kama fim na jawo shi, na jawo, na jawo, har ya fi tsawon hannuwana biyu. Na ɗaga shi sama na ce, "Gwaggo, zo ki ga kanki."

Ta zo ta leƙa. Mata suka yi layi, fim yana yawo hannu zuwa hannu, wasu da man miya a yatsu. Babu kowa a ciki. Fili fetal, launin ruwan kwata.

"Ina muke?" in ji Gwaggo Saratu.

Gabana ya ɗan faɗi, amma bakina bai faɗi ba. Na ce, "Bai nuna ba tukuna. Hoto da haske ake yin sa, wannan bai sha isasshe ba."

"To a shanya shi mana, kamar citta."

Na ce ta yi magana irin ta masu ilimi. Na shanya auren ƙanena a kan danga, tsakanin wani zane da barkono, na sa dutse a kowane gefe don kada iska ta ɗauke. Ya sha rana har muka gama cin shinkafa. Yohanna yana cikin ɗaki ana yi masa nasiha, bai ga kome ba. Da yamma na naɗe abina na sa a ambulan ɗin ofis, na rubuta "Asiri" a bayansa.

Ranar Litinin muka je shagon Baba Foto a wanke, ni da ango da amarya. Na ajiye ambulan a kan tebur kamar mai ba da sadaka. Ya buɗe. Ya ɗago fim ɗin da yatsu biyu, yadda ake ɗaga mushen ɓera ta wutsiya.

"Wa ya fitar da shi?"

"Ni."

"A ina?"

"A tsakar gida. Na ma shanya shi, na rage maka aiki."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya leƙa waje ya kira tela da mai gyaran agogo, maƙwabtansa, ya ce in sake faɗa a gabansu, don in shi ya ba da labari za a ce ƙarya yake yi. Sannan ya juya wajen Rifkatu, murya ƙasa-ƙasa.

"Amarya, yi haƙuri. Fim ba ya ganin rana, ko na ƙiftawar ido. A ɗakin duhu ake buɗe shi. Abu ɗayan da na so in gaya wa Oga ke nan, ya ce kansa na minti biyar ne."

"Ko ɗaya bai tsira ba?" in ji ta. "Na Mama fa?"

Ya girgiza kai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dai dube ni, ta gyara ɗankwalinta, ta fita. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Yohanna kuwa cewa ya yi, "Ba kome, Yaya," da irin muryar da ake faɗin haka a wajen jana'iza.

Yau idan ka shiga falon Yohanna za ka ga hoton aurensu a bango, tas da shi. Baba Foto ne ya ɗauka ranar Lahadin da ta biyo baya. Amarya tana cikin atamfa, don farar rigar ta aro ce, ta riga ta wuce Zonkwa wajen wani auren. Tsakanin ango da amarya akwai kujera, babu kowa a kai. Mama ta yi shekara goma sha biyu bayan haka kafin Ubangiji ya kira ta, ba ta sake zama gaban kyamara ba. Duk lokacin da jika ya tambaya yaya kamannin kakarsa suke, ba a ba shi amsa, sai kowa ya juyo ya dube ni. Ni kaɗai na ga hoton nan, ta ƙaramar taga, kuma ba a wanke abin da ke cikin kan tsoho.

Don haka ku yaran yanzu, da kowannenku ke ɗaga waya a wajen biki yana tare wa Fasto hanya, ku ji daga bakin wanda ya riga ku: sayen kyamara daban, iya ta daban. Ranar da ba ta dawowa, a kira wanda ya yi shekara biyar ɗinsa. Idan kuma babban wa ya taso da sabon kaya a wuya, a ba shi aikin raba kunu.

Amma ban faɗi yadda kujerar ta zama wayam ba. Ranar Lahadin, Baba Foto ya kafa kyamararsa mai ƙafa uku ƙarƙashin mangwaron nan, aka aike ni in ɗauko Mama, tunda ni na ɓata. Na same ta bakin coci cikin matan zumunta, Gwaggo Saratu na gefenta. Na durƙusa, na soma bayani da yarenmu, a hankali, don kada a ji. Na ce matsala ce ta na'ura. Na ce ko a ƙasar Turawa hakan na faruwa. Na ce abu ne mai sauƙi, in na farko bai fito da kyau ba, sai a sake.

Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta amsa da Hausa, da ƙarfi, don har Baba Foto ya samu rabonsa.

"A sake? Kai ma sau ɗaya na haife ka. Na ga yadda ka fito, na haƙura. Ka ga na koma na sake?"