Rasuwar Zanen Ganuwar Tambagad

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Shewantabai Margale, mai sayar da kindirmo a ƙofar arewa ta ganuwar Tambagad, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, cewa tsohon zanen fentin mai da ke rataye a bangon ɗakinta ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar Asabar da hantsi, ana tsakiyar sharar gida ta bikin Diwali, yana da shekara ɗari da 'yan kai.

A kan dutsen nan da ganuwar take aka haifi marigayin. Wani mai zane ne ya hau da damina, zazzaɓi ya kayar da shi, kakar Shewantabai, wato Gajrabai, ta yi jinyarsa da kunu da kindirmo. Da ya miƙe sai ya bar mata zanen. Ga ganuwa baƙa ƙirin a kan dutse, ga hadari ya haɗo a bayanta, ga ƙofar arewa tun rabinta bai zube ba. A gindin ƙofar kuma ga wata mata mai jan mayafi da tukunya a ka, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Gajrabai ke nan, a daidai inda jikarta ke zama har gobe.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha hayaƙin murhu da na turare zuriya uku, ko tari bai taɓa yi ba. Ba a san shi da surutu ba, sai idan iskar damina ta shigo ta taga ya riƙa taɓa bango, ƙwas, ƙwas, har mijin Shewantabai, lokacin yana raye, ya ce, "Shigo mana, a buɗe take!" Kuma bai taɓa yin ƙarya ba, abin da ba za a faɗa a kan wasu masu farar hula a garin nan ba.

Kowa ya san kwamitin gyaran ganuwa, da shugabansa Sampatrao Mohite, sun ce za su share masu talla daga ƙofar arewa don 'yan yawon buɗe ido su samu wurin ɗaukar hoto. A gaban jama'a Sampatrao ya dubi tsohuwar nan ya ce, "Ku da kuka hau dutsen nan jiya jiya, wa ya san ku?" Jiya jiya fa! Ta ce masa tana da shaida, ranar Alhamis za ta kawo shi.

To, hayaƙi ya rufe shaidan, sai an ƙura ido ake ganin jan mayafin. Mangal, matar ɗanta, ta gama goge tukwanen tagulla da tsamiya da toka kamar yadda ake yi kowace Diwali, suna ta ƙyalli, sai ta ɗaga kai ta ga zanen. Ta sauke shi, ta durƙusa a kansa tana dirza shi da tsamiya da toka da ƙarfinta duka. Hadarin ya fara tafiya, ƙofar ta bi shi, Gajrabai ta koma jan tabo a jikin tsumma. Haka Shewantabai ta same ta, tana rusa kuka tana cewa, "Inna, so nake Sampatrao ya ga Kaka ras, wallahi so nake ya ji kunya!" Tsohuwar ta zauna a ƙasa, ita ma ta yi kukanta har ya ishe ta. Daga nan ta ce duk wanda ya zagi yarinyar nan, da ita zai yi.

Ya rasu ya bar ƙusa ɗaya, da tsaka biyu da suka girma a bayansa, da farin gurbi a baƙin bango, da katakon da ya kewaye shi, wanda ko gara ba ta taɓa ba. Ya kuma bar Shewantabai, mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ta gaji hancin Gajrabai da tukunyarta da taurin kanta.

An samu saƙon ta'aziyyar Sampatrao, wanda ya aiko a ce mata, "Ashe shaidan namu ya mutu? Allah sarki." An gode. Ta ce a gaya masa kada ya cire takalmi, ba a gama ba.

Jana'iza ranar Alhamis ce, ƙarfe goma na safe, daidai lokacin da kwamiti zai zo auna ƙofa. Ba za a ƙona marigayin ba, ba za a kai shi kogi kamar yadda aka saba ba. Mangal ce za ta ɗauke shi a ka, matakala dubu da ɗari uku, a binne shi tare da tsumman a gindin ƙofar arewa. Bayan haka mutum biyu za su ɗaga katakon nan fanko, Shewantabai ta tsaya a bayansa da jan mayafi da tukunya a ka. Akwai gurasar dawa da kindirmo ga duk wanda ya hau, har da 'yan kwamiti. Wanda bai gamsu da wannan sabon zanen ba, ta ce ya zo da tsamiyarsa da tokarsa ya gwada goge ta.